Wa Ke Yi Masa Yaɓe? Daga Ibohamane Zuwa Majami'un Kolon da Gadojinta

Kawuna magini ne. Ya fi shekara arba'in yana kwaɓa ƙasa a Ibohamane da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma da wuya ka ratsa unguwa ba ka gifta katangar da hannunsa ya taɓa ba. Ranar da na koma gida daga Jamus na same shi a zaure bayan La'asar. Muka gaisa, ya tambayi hanya, na miƙa masa salula ina nuna masa hoton babbar majami'ar birnin Kolon. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton yadda jikokinsa suka koya masa. Bai tambayi tsawonta ba, bai tambayi abin da aka kashe mata ba.

"To ɗana, wanga gini, wa ka yi mai yaɓe?"

Na ce, "Kawu, ai da dutse aka yi shi, ba a yaɓe shi."

Ya girgiza kai, ya ɗora farcensa a wani gefe na hoton da ni ban ma kula da shi ba, inda aka kakkafa sandunan ƙarfe da alluna irin waɗanda magina ke takawa. "Ga su nan," in ji shi. "Babu ginin da bai son hannu."

Kwana huɗu na yi ina zagaya majami'un Kolon da gadojinta kafin in gane abin da ya gane a dubawa ɗaya.

Sunan Kolon ba baƙo ba ne a kunnen mutumin yankinmu na Adar. Tun 1963 Muryar Jamus ke magana da Hausa, kuma daga wannan birni take yi har zuwa 2003 da ta koma Bonn. Mun tashi muna jin sunan daga akwatin rediyon iyayenmu, ana laluben tasha, murya na zuwa tana komawa. Don haka da jirgin ƙasa ya rage gudu ya hau gadar Hohenzollern, kogin Rain na malala a ƙasa, ji na yi kamar na zo gaida wani dangi da na daɗe ina jin labarinsa. An gina gadar ce ta fuskanci majami'ar kai tsaye, har sai ka ga kamar jirgin cikinta zai shige. Tashar kuwa a gindinta take. Kana fitowa daga ƙofa sai ka ga baƙin dutse ya tare maka sama, hasumiya biyu masu tsawon mita 157, ko'ina sassaƙa, babu tafin hannu guda da aka bari a shafe.

Na ɗan tsaya a bakin ƙofa. Musulmi ne ni, ɗan Musulmi, kuma ban taɓa shiga coci ba sai ran nan. Wani mai tsaron ƙofa cikin jar riga har ƙasa ya nuna hulata cikin ladabi, na cire na riƙe a hannu. Mu takalmi muke tuɓewa mu bar hula, su hula suke tuɓewa su bar takalmi. Ciki sanyi ne da duhu-duhu, ginshiƙai sun miƙe sun haɗu can sama da irin ɗaurin da maginanmu ke kira ɗaurin guga, sai dai nasu ya haura mita arba'in. Haske na shigowa ta tagogin gilashi masu launi yana zuba a ƙasa ja da shuɗi. Daga baya na ji cewa ranar 3 ga Fabrairun 1965 ɗaruruwan Turkawa ƴan ci-rani sun shimfiɗa dardumansu a wani ɓangare na wannan gini sun yi sallar Idin ƙaramar Sallah, domin a lokacin ba su da wurin da zai ɗauke su. Na so a ce na san haka tun ina bakin ƙofa.

An aza harsashin majami'ar ranar 15 ga Agustan 1248. Dalilin gina ta shi ne wasu ƙasusuwa da aka kawo daga Milan a 1164, waɗanda Kiristoci suka yi imani na masu hikimar nan uku ne da suka je gaida Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin da aka haife shi. Masu ziyara suka yi yawa, tsohuwar majami'a ta yi kaɗan. Aka gama ɓangaren gabas a 1322, aka ci gaba a hankali, sannan a ƙarni na 16 kuɗi da himma suka ƙare, aiki ya tsaya cak. Shekara wajen ɗari uku ginin na tsaye rabi da rabi, da wata na'urar ɗaga duwatsu ta katako a kan guntuwar hasumiyar kudu, wadda ba a sauke ba sai a 1868. Sojojin Faransa da suka kama birnin a 1794 har rumbun harawar dawaki suka mai da shi. Abin da ya tashe shi daga barci takarda ce: tsohon zanen fuskar ginin, da aka tsinci rabinsa a Darmstadt a 1814, ɗaya rabin kuma a Faris bayan shekara biyu. Da wannan zane aka koma aiki a 1842, aka yi bikin kammalawa a 1880, shekara 632 bayan aza harsashi.

Mutanen Kolon kansu ba su yarda an kammala ba. Suna da wata magana da kowa ya sani, wai ranar da aka gama majami'ar, ranar duniya za ta tashi. A kudancin ginin, ƙasa da dandalin da mutane ke yawo, akwai wata farfajiya da za ka iya leƙawa daga sama. Nan ne ma'aikatar maginan majami'ar, wadda suke kira Dombauhütte. Na jingina da shinge na fi rabin sa'a ina kallo. Wata matashiya da tabarau na kare ido ta sunkuya a kan wani dutse mai girman turmi, guduma a dama, kurfi a hagu. Kusa da ita an ajiye tsohon dutsen da za a musanya, wani fure da iska da ruwa suka cinye har ya koma kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Takan buga sau uku ko huɗu, ta hure ƙura, ta ɗauki ma'auni ta gwada tsohon, ta gwada sabon, ta sake bugawa. A tsawon tsayuwata ba ta fitar da ko ganye ɗaya na furen ba. In ta gama, za a ɗaga shi a kai shi wani lungu can sama inda tsuntsaye kaɗai za su gan shi.

Mutum wajen ɗari ke aiki a wannan ma'aikata, masassaƙan dutse da maƙera da masu gyaran gilashi da masu rufi, kullum, rani da damina. Suna da shugaba guda, kamar dai Sarkin Magina a garuruwanmu, kuma daga 1999 zuwa 2012 mace ce ta riƙe sarautar, Barbara Schock-Werner. Aikinsu ba ya ƙarewa saboda dutse ma yana ciwo. Na farko an sassaƙo shi ne daga tsaunin Drachenfels kusa da Bonn. Wani nau'in da aka yi amfani da shi a ƙarni na 19 ya kasa jure hayaƙin gawayin kwal na masana'antu da jiragen ƙasa, ya riƙa marmashewa. Ƙarafan da aka ɗaure duwatsu da su sukan yi tsatsa su kumbura su tsaga dutsen daga ciki. Ko raunin yaƙi an daɗe ana jinyarsa. Ramin da bom ya yi a gindin hasumiyar arewa a 1943 an toshe shi da jan bulo cikin gaggawa, kuma wannan faci ya zauna a idon kowa shekara sittin kafin a rufe shi da dutse.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake biyan wannan aiki. A takardun filaye, majami'ar ba ta gwamnati ba ce, ba ta babban limamin cocin ba ce, mallakar kanta ce, abin da ya yi kama da waƙafi a wurinmu. Sannan akwai wata ƙungiyar mutanen gari da aka kafa a 1842, mai membobi dubbai, kowa na ba da ɗan abin da ya sauƙaƙa a shekara, kuma ita ke ɗaukar fiye da rabin kuɗin gyara. Ba ta tambayar addinin mai shiga. A 2020 hukumar UNESCO ta sa irin waɗannan ma'aikatun magina na Turai cikin jerin kyawawan hanyoyin adana gado. Wannan karramawa ta sana'ar ce da hannuwan da ke miƙa ta, domin ginin ya riga ya sami tasa tun 1996.

Ina tsaye a wurin tunanina ya tafi Yama, can yankin Illela, cikin jiharmu ta Tawa. A 1962 mutanen wannan ƙauye suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga Falke Barmu, manomi kuma magini. Wani ya ba da fili, wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu itace, wanda ba ya iya aikin ƙarfi ya kawo hatsi. A 1975 ya sake rufin, ya ɗora shi a kan bakuna na sanduna da aka lanƙwasa aka ɗaure aka lulluɓe da ƙasa, ya tayar da tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine. Wanda ya je Yama ya ga abin da na gani a Kolon, gini da ya girma a hankali, wanda gari ya ɗauka nasa ne. Bambancin shi ne ƙasa ba ta da haƙurin dutse. Dutse zai ba ka shekara hamsin kafin ya nuna fushinsa. Ginin ƙasa kuwa, in indararo ɗaya ya toshe, damina guda ta ishe shi.

Mun ga haka da idonmu. Ranar 3 ga Satumban 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube, mutane na ɗaukar hotonsa da salula yana faɗuwa. Shekara guda kafin nan, ranar 11 ga Agustan 2023, wani sashe na rufin masallacin Juma'a na Zariya, aikin magini Babban Gwani na shekarun 1830, ya rufta kan masu sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu. Ƙaddara gaskiya ce, amma tsaga ba ta buɗewa a dare ɗaya, kuma duk magini ya san haka. Abin da muka rasa shi ne mutumin da aikinsa kenan, wanda zai hau soro kowane wata ya duba, yana da abincinsa a kan haka, yana da yaran da yake koya wa.

Babbar majami'ar ce ke jan baƙi, wajen miliyan shida a shekara, amma waɗanda suka fi shiga raina su ne tsofaffin majami'u goma sha biyu da ke warwatse cikin tsohon gari, masu kaurin bango da zagayayyun bakuna, mafi yawansu sun girme ta. Sankt Gereon tana da ɗaki mai kusurwa goma da aka rufe da tulluwa a 1227 a kan bangon Rumawa na ƙarni na huɗu. Sankt Maria im Kapitol tana zaune a kan harsashin ɗakin bautar Rumawa, kuma tana ajiye da ƙyauren katako na wajen 1065, da sassaƙar mutane ƙanana waɗanda har yanzu ana ganin sauran fenti a jikinsu. Duk sun sha wuta a Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga daren 30 ga Mayun 1942 da jiragen Ingila kusan dubu suka yi wa birnin ruwan bama-bamai. An sake tayar da su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Gross Sankt Martin, mai hasumiyar da ke kallon kogi, ba a sake buɗe ta ba sai a 1985, shekara arba'in bayan yaƙi.

Wasu kuma da gangan aka bar su da rauninsu. Sankt Alban bango ne kawai babu rufi, ciyawa a tsakiya, da gunkin uwa da uba a durƙushe suna makokin ɗansu, an bar ta don tunawa da waɗanda yaƙi ya ci. Na tsaya a bakin ƙyauren ƙarfenta na tuna 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu. Zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta yi, wanda ya tayar da rikicin, ya ƙona zuciyar kowane Musulmi, tawa ma. Amma waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada maƙwabtanmu ne, da su muke layi a asibitin Galmi, wanda mishan suka buɗe tun 1950 kuma babu gida a Madawa ko Buza ko Keita da bai san hanyarsa ba. A Wusasa ta Zariya akwai cocin Saint Bartholomew na 1929, ginin ƙasa irin na Hausa, da bakuna da tubali kamar na kowane babban soro. In kawuna ya shiga zai gane kowane ɗauri.

Gada kuwa, labarinta a Kolon ya fi na majami'u ba ni tsoro. Wajen shekara ta 310 Sarkin Rum Kustantin ya gina wa birnin gada a kan Rain, ta katako bisa ginshiƙan dutse, mai tsawon fiye da mita ɗari huɗu, da sansanin soja a ɗaya gaɓar, inda unguwar Deutz take yanzu. Daular da ta gina ta ta faɗi, aka rasa mai gyara, gadar ta tafi. Ɗaruruwan shekaru wannan babban birni na fatake yana ƙetare kogi da kwalekwale. Sai a 1822 aka jera jiragen ruwa aka shimfiɗa katako a kansu, sai a 1859 aka sake samun tsayayyar gada. Ta Hohenzollern an gina ta daga 1907 zuwa 1911. Bama-baman abokan gaba ba su kayar da ita ba. Sojojin Jamus da kansu suka fasa ta ranar 6 ga Maris 1945 don hana Amurkawa ƙetarewa. Zuwa 1948 jirgi ya koma bi ta kanta, kuma yau fiye da jirage dubu ke ratsa ta a kowace rana. Na taka ta da ƙafa da yamma. Duk jirgin da ya wuce sai ka ji ƙarfen na rawa a tafin ƙafarka. Shingen gefen hanya cike yake da kwaɗuna, dubbai a kan dubbai, da masoya ke rubuta sunayensu su kulle su jefa mabuɗin cikin kogi.

Mu a Adar ba mu da Rain. Ruwanmu ba ya zama, zuwa yake da fushi ya wuce. Wata tara ƙorama busasshen yashi ce da yara ke wasa a ciki. Ran da hadari ya zuba a kan duwatsu, cikin sa'a guda ta cika ta batse, jawur da laka, tana jan itatuwa da awaki. Duk wanda ya yi tafiya tsakanin Tawa da Keita da Buza da damina ya san zaman jiran ruwa ya janye, motoci jere a gaɓa biyu, mai albasa na lissafin asara, mai mara lafiya na kallon sama. Gadojinmu na gaskiya su ne ƴan shimfiɗun siminti da ke ratsa ƙoramu, da madatsun duwatsu da ke karya ƙarfin ruwa tun daga sama.

Waɗannan ma suna da tarihi, kuma tarihin iyayenmu mata ne. Bayan yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, aka fara aikin raya karkara na Keita, wanda muke kira Furoje, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ana biyan ma'aikata da abincin hukumar PAM. Maza da yawa sun tafi ci-rani, don haka mata ne suka fi yawa a fagen aiki. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a kan fako, suka cika kwandunan waya da ake kira gabiyon, suka haƙa ramuka a jikin tsaunuka aka dasa miliyoyin itatuwa. Ƙasar da ta mutu ta sake ba da gero. Kafin wannan, tun shekarun farko na mulkin kai, Ibohamane ta sami barajinta da gonakin da ake shayarwa daga gare shi. Innata tana cikin waɗanda suka ɗauki dutse a aikin Keita, kuma har ta rasu tana nuna wani tudu tana cewa da wuyanta aka gina shi.

To amma laka ba ta hutawa. Kowace damina tana sauka ta kwanta a cikin baraji, ruwan da yake riƙewa na raguwa. Wayar gabiyon takan yi tsatsa ta tsinke a wuri ɗaya, duwatsu biyu su zame, ruwa ya sami ƙofa, baɗi ƙofar ta zama rami, baɗi waccan ƙorama ta koma tsohuwar hanyarta. Gyaran farko aikin mutum uku ne da ƙunshin waya guda. In aka bari ya kai shekara uku sai an nemo katafila da miliyoyi. Kuma kalmar da na fi ji a bakinmu ita ce "na Furoje ne", ko "na gwamnati ne", alhali wuyan iyayenmu ne ya ɗauko dutsen. Ba na cewa talauci ba dalili ba ne. Mai neman abin da zai sa a tukunya yau ba ya tunanin waya. Amma gayya tamu ce tun kafin Furoje, kuma mutanen Yama ba su fi mu arziki ba lokacin da suka tayar da hasumiya huɗu.

Na gaya wa kawu labarin matashiyar nan da furenta na dutse, da ƙungiyar da ke tara kuɗi tun 1842. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko tana da yaran da take koya wa. Na ce na ga samari biyu a gefenta suna gyara bakin wani dutse. Ya yi shiru. Nasa yaran, huɗu da ya koya wa ɗaurin baka, uku suna Abijan da Libiya, ɗaya ya koma bulon siminti domin shi ake nema.

Washegari da sassafe ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin masallacin unguwarmu da tsani da kwano, ya riga ya kwaɓa ƙasa tun daren jiya ta kwana ta tsima. Watan biyar ya kama, gabas ta fara haɗa gajimare. Ya ce gwiwarsa ba ta hawa yanzu, in hau in duba masa indararon arewa. Na hau. Tattabaru sun cika shi da tsinke da kashi, kuma a gefensa akwai tsaga da yatsana ya shige har gaɓa ta biyu. Na faɗa masa. Ya ce in fara yayyafa mata ruwa tukuna, kada in cusa ƙasa a busasshe, sannan ya miƙo kwanon.